Sambo da Injin da Ya Koyi Kunyar Suruki

Sambo ɗan kawuna ne, wato taubashina, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa halas ne ko a gaban alƙali. Ya rasu, Allah ya jiƙansa. Amma mutuwa ba ta soke wasan da ke tsakaninmu ba, kuma ban taɓa jin ta ƙara wa mutum hankalin da bai zo da shi ba.

A Tambuwal aka haife shi, a gidan da ko bangon zaure ya ji karatu ya ƙoshi. Yayyensa duk sun sauke, sun shiga littattafai, wasu har sun yi makarantunsu. Sambo kuwa hannu Allah ya ba shi, hannun ma rabi. Agogon babansa ya buɗe, kwaɗon ƙofa ya buɗe, keken ɗinkin Goggo ya buɗe. Buɗewa ya iya. Mayarwa ce ba a rubuta masa ba. Da gidan ya gaji da tsintar kusoshi a cikin tabarma, sai ya tattara ya tafi Kaduna, ya shiga wani kamfani da ke haɗa rediyo. Mu a gida injiniya muka ji ya zama. Wani fatake da ya gan shi da idonsa ya ce kwalaye yake ɗauka, in ya gama ya yi shara. Ni dai ban ce komai ba, don shara ma ilimi ce, kuma da ya iya ta tun a gida da Goggo ba ta taka kusa ba.

Ya dawo ne a shekarun da aka yanka mana jihar Sakkwato, lokacin da kuɗin mai suka sa kowa ya haukace a hankali. Wanda bai gani ba ba zai gane ba. Mai jaki yana son rediyo, mai shanu yana son rediyo, alhazai suna saukowa da rikoda a kafaɗa kamar ita suka je ɗaukowa. Kaya suka cika kasuwa, na kirki da na banza duk ƙyalli ɗaya. Ka sayi rediyo ranar kasuwa, kafin wata kasuwar ta zagayo ya koma tari kamar tsohon da ya sha taba.

To a wannan hali Sambo ya sauka daga mota da wani akwatin ƙarfe, girman adakar tufafi. Kamfanin ya sayi sababbin injunan gwaji, aka tura tsoho bayan gida, shi kuma ya roƙa aka ba shi. Akwatin yana da wayoyi masu baki kamar na ƙaguwa, da ƙwan fitila kore, da ja, da wata 'yar kafa a gefe inda ake zura kati. Batirin babbar mota yake ci.

Bari in yi bayanin katin, don shi ne labarin. Injin kansa ba shi da wayo ko kaɗan, ƙarfe ne kawai mai biyayya. Wayon a jikin katin yake. Takarda ce mai kauri, kamar tafin hannu, an huhhuje ta layi-layi, kuma kowane huji tambaya ce. Wasu mutane ne can suka zauna suka yarda da abin da rediyo zai cika kafin a kira shi rediyo, suka rubuta wa injin da huji tunda ba ya karanta ajami. Wuta na shiga daidai? Murya na fita ba kaɗawa? Yana zafi in ya daɗe a kunne? Tasha na zama inda aka ajiye ta ko tana yawo? Sai a maƙala wayoyi a cikin rediyo, a zura kati, injin ya bi huji ɗaya bayan ɗaya yana ƙas, ƙas, ƙas, har mutum ya dama fura ya shanye bai gama ba. In rediyo ya amsa duka, kore ya kama. In ya faɗi ko ɗaya, injin ya tsaya cak a wurin, ja ya kama. A kamfani kowane irin kaya da katinsa. Sambo guda ɗaya aka ba shi, na rediyo, kuma bai tambayi ina sauran ba.

Zan ba shi haƙƙinsa, ko da yake yana yi mini nauyi. Da farko aikin ya yi kyau. Ya buɗe rumfa a bakin kasuwa, duk rediyon da ya ci kore sai ya ɗiga masa koren fenti a baya. Wanda ya ci ja, mai shi ya ɗauki abinsa ya san inda zai kai. Ba a daɗe ba ɗigon nan ya zama shaida. Daga Tambuwal har Dogon Daji, har ƙauyukan Kebbe, mai saye ba ya kallon gaban rediyo sai ya juya bayansa. Fulani musamman, su da za su shiga daji da shanu inda babu mai gyara, ba sa taɓa rediyon da ba shi da ɗigon Sambo. 'Yan kasuwa suna tsine masa a ciki suna gaishe shi a waje. Sunan da ya yi da ɗigon nan shi ne duk abin da ya mallaka a duniya. Ba gona, ba karatu, ba jari. Ɗigon fenti ne ya sa aka fara shimfiɗa masa tabarma a wurin suna.

Shi ne kuma ya sa Alhaji Ɗan'iya ya ba shi 'yarsa Kaltume. Alhaji Ɗan'iya babban ɗan kasuwa ne, mai sauke kaya daga Ikko mota-mota, kuma ba wawa ba ne. Ni ban ce da manufa ya yi ba. Na dai ce mutumin da ke sayar da rediyo ya aurar da 'yarsa ga mutumin da ke gwada rediyo, kowa ya yi lissafinsa.

Ba a gama cin kayan garar ba Alhaji ya sauke kwalayen wasu rediyo masu ado kamar sirdin doki. Bai aika ba, da kansa ya zo rumfar ya zauna a benci. Sambo ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, haka ya maƙala wayoyin yana tsugune kamar mai wankin kwano. Injin ya fara ƙas, ƙas. Bai yi nisa ba ya tsaya. Ja.

Sambo ya sa hularsa ya rufe ƙwan.

“Malam Sambo, mi yac ce?” in ji Alhaji.

“Baba, bai ce komi ba tukuna. Batir ne yay yi sanyi.”

“To madalla. Gobe nika dawowa, a ba shi abinci ya ƙoshi.”

Yanzu ku gaya mini, a ƙasar nan tamu, wa zai dubi uban matarsa ya ce masa kayanka na banza ne? Mutumin da ko sunansa ba ka iya faɗa, wanda in kun haɗu a hanya sai ka faɗa kwararo? Akwai hanyoyi, ba na musu. Da ya aika wa wani dattijo ya je ya faɗa a lulluɓe. Da ya gaya wa Kaltume ta gaya wa uwarta. Amma wannan duk yana buƙatar tunani, Sambo kuwa hannu gare shi. Ya zaro katin, ya duba hujin da injin ya tsaya a kai, na zafi ne. Yana da ɗabi'ar tauna ƙaro. Sai ya ciro daga bakinsa ya liƙe hujin. Ya mayar da kati. Injin ya zo wurin, bai ga tambaya ba, ya wuce abinsa. Kore.

Injin bai yi ƙarya ba, ku lura. Abin da aka tambaye shi ya amsa. Bakinsa aka toshe a wuri ɗaya, shi kuma ba shi da hankalin da zai ce a'a, jiya akwai tambaya a nan.

Da abin ya tsaya a suruki da sauƙi. Amma wanda ya gano cewa kunya tana da magani, kuma maganin yana cikin bakinsa, ai ba zai daina ba. Malamin da ya koya masa baƙi ya kawo rikodar da wani almajirinsa ya yi masa tsaraba, ja ya kama, ƙaro ya tashi aiki. Wani na kusa da masu sarauta ya kawo nasa. Abokin babansa ya kawo. Ƙanwar uwarsa ta kawo. A Tambuwal wa ne ne ba ka jin kunyarsa? In ka bi dangi da surukai da malamai da maƙwabta, baƙo kaɗai ya rage, shi ma in ya kwana ya zama ɗan gari. Kuma hujin da aka liƙe saboda Alhaji ba ya buɗewa saboda Bafulatani. Tambayar da aka cire wa mutum ɗaya an cire wa kowa.

Injin da ke ƙas-ƙas har a gaji sai ya koma ƙas ɗaya, kore. Mutane suka ce kai, abin nan ya ƙware. Sambo ya ce ya saba da iskar ƙasarmu ne. Na bi ta rumfar wata rana na ce, “Kai Sambo, injin nan naka ko hajji ya je? Na ga ya daina ganin laifin kowa.”

“Ke dai tsohuwar banza, wuce. Mi kinka sani ga aikin lantarki?”

“Ban san komi ba, ɗan nema. Na dai san ƙwan nan ja ya yi ƙura.”

Kaltume ce ta gaya mini maganar ƙaron daga baya. Ita ta fi shi kai nesa ba kusa ba, kuma ta yi masa magana tun farko. Ya ce mata ai mutuncin babanta yake karewa. Ta ce babanta bai aiko a kare masa ba. Ya ce ai su mata ba sa gane irin wannan.

Wanda ya fara kawo ƙarshen abin shi ne Arɗo Na'iya, mai shanu daga wajen Fakku. Dogo ne, ba ya ɗaga murya, irin mutanen da in sun yi shiru sai ka fara tuna laifinka. Ya sayi rediyo mai ɗigon kore kafin su tafi cin rani kudu, don ya riƙa jin labarin ruwa da na hanya. Rediyon ya mutu tun ba su haye kogin farko ba. Bai jefar ba. Ya ɗaure shi a kan sa, ya yi rani da shi, ya dawo da shi da damina, ya ajiye a gaban Sambo.

“Gwada min wanga.”

“Arɗo, ai an gwada. Ga ɗigo nan.”

“Na ga ɗigo. Gwada.”

Sambo ya maƙala wayoyi a jikin mushen rediyo, wanda ko ƙara ba ya yi. Ƙas. Kore.

Arɗo ya daɗe yana kallon ƙwan. Sannan ya ce, “Ashe lafiya lau yake. Ni ne kurma.” Ya ɗauki abinsa ya saɓa a kafaɗa. Bai nemi a musanya masa ba, bai yi zagi ba. Sambo ya fi son a zage shi.

Ana cikin haka sai ga saƙo daga Kebbe. Mutanen garin sun haɗa hannu za su sa wa masallacin Juma'a lasifika kafin azumi, don tafsiri ya kai ga mata a cikin gida. Alhaji Ɗan'iya ne ya kawo kayan: injin ƙara murya da manyan ƙahonni na ɗaurawa a sama. Liman, Malam Abdulhamidu, mutum ne mai tsantseni. Ya ce dukiyar jama'a ce, ba za a karɓa ba sai Sambo ya zo da injinsa ya gwada a gaban kowa, bayan an sauko Juma'a. Kore a karɓa, ja a mayar.

Sambo ya shiga uku. Abin Allah ne, ya ji tsoron liƙe wa masallaci ƙaro. Ban da haka, a Kebbe Arɗo Na'iya yake Juma'a, kuma kowa ya san har yanzu yana yawo da mushen nan. In ya ajiye shi a gaban jama'a kore ya kama, sunan Sambo ya mutu a tsaye. Sai ya yanke shawarar ya tuba, ya buɗe hujojin duka.

Ko tuba ma sai da iyawa. Ƙaron ya shekara ya bushe ya zama dutse. Sai gogan naka ya jiƙa katin a ruwan ɗumi. Takarda fa! Ta kumbura, ta lanƙwashe, ya shanya a kan zana, ya bi ta da dutsen guga na gawayi. Ya ari allurar Kaltume yana tsokalo sauran ƙaron, wasu hujojin suka yage suka haɗe da na kusa da su. Inda ya ga tabo bai tuna ko huji ne da can ko datti ba, sai ya huda don kada ya rage wa Allah haƙƙi.

Kaltume tana tsaye tana kallo. Ta ce, “Malam, ga rediyonmu nan yana magana lafiya lau. Gwada shi mana ka gani, in injin na nan daidai.”

“Injin aka gwadawa? Shi ka gwada wasu.”

“To shi wa ka gwada shi? Kuma katin nan ba na rediyo ba ne? Kayan Baba ai lasifika ne.”

“Duk lantarki ɗaya ne. Je ki duba tukunyarki.”

Ina Kebbe ranar, na je ganin ƙanwata da ta haihu, muna leƙe ta saman dangar gidan da ke kallon masallaci. An kawo injin a bayan akori-kura, hanyar nan ta girgiza shi kamar ana kaɗa nono. Aka shimfiɗa tabarmi. Liman a tsakiya, Alhaji Ɗan'iya a gefensa cikin babbar riga mai aiki, Sambo a durƙushe ba takalmi. Ya maƙala wayoyi, ya zura katin da ƙyar don ya ƙi shiga. Injin ya yi ƙas, ya yi wani gurnani da ban taɓa ji ba. Ja.

Wannan karon ba hular da za ta rufe, gari guda na kallo.

Liman ya ce, “Malam Sambo, mi ke nan?”

A nan ne Sambo zai iya cewa, Allah gafarta Malam, katin nan ba na wannan kaya ba ne, kuma na yi masa wanka. Da ya ci kunya ta yini ɗaya, ya ceci surukinsa. Amma ya ɗaga kai ya hango Arɗo a tsaye a baya, da abu a kafaɗa. Sai ya ce, “Allah gafarta Malam, inji ba ya ƙarya.”

Kunyar nan ai hanya biyu ce, Alhaji Ɗan'iya ma ba zai yi cacar baki da mijin 'yarsa a bainar jama'a ba. Ya miƙe, ya kaɗe riga, ya sa aka kwashe kayansa aka zuba a mota. Kafin ta tashi Arɗo ya matso ya ajiye mushensa. Ja. Jama'a suka ɗauki kabbara. Wani dattijo ya ce yau ya ga mutumin da bai bar gaskiya ba ko don surukinsa. Sambo ya fara gyara zaman hula. Na rantse na ga ya ƙara tsawo.

Da ya tashi ya tafi a lokacin, da ya mutu waliyyi. Amma mutanen Kebbe sun ga abin mamaki, kowa ya ruga gida ya ɗauko rediyonsa, ga gwaji ya zo har ƙofa. Na farko, ja. Na biyu, ja. Masu ɗigo da marasa ɗigo, sabo da tsoho, ja. Aka fara kallon juna. Sai wani mahauci ya kawo nasa a kunne, mai karanta labarai yana ta zuba daga Kaduna, murya tas kamar yana cikin taron. Aka maƙala wayoyi yana magana. Ja ya kama yana magana.

Mahaucin ya ce, “To malam, wanga da ke magana, shi ma ya mutu? A gaya mashi mana, bai sani ba.”

Dariyar da aka yi har mu a bayan danga sai da muka zauna. Arɗo Na'iya kaɗai bai yi ba. Ya ce, “Da can duka kore, yanzu duka ja. Ashe ba rediyo yaka kallo ba.” Motar Alhaji kuwa ta riga ta yi nisa, kuma Alhaji ba irin wanda ake kira ya juyo ba ne.

A wannan azumin mutanen Kebbe da maƙogwaron Liman suka yi tafsiri, matan cikin gida suka ji abin da iska ta ga dama ta kawo musu. Kayan da aka ƙi, Alhaji ya kai su Dogon Daji, aka ɗaura a masallacin bakin kasuwa. Ba abin da ya same su. Sun yi shekaru suna aiki, har aka riƙa cewa ladanin garin yana tashin mutanen ƙauyen gaba.

Sunan Sambo bai kai sallah ba. 'Yan kasuwa suka bi rediyonsu da wuƙa suna kankare ɗigon, don mai saye in ya gan shi sai ya ajiye. Bai ƙara buɗe rumfar ba. Kaltume ta zauna da shi, ta haifa masa 'ya'ya masu hankalin uwarsu, alhamdu lillahi. Alhaji bai taɓa ta da maganar ba har ya koma ga Allah, kuma bai ƙara aiko wa gidan da ko goro ba. Gaisuwa dai ana yi, Sambo ya durƙusa, Alhaji ya amsa wa iska.

Sauran rayuwarsa tallan batir da tocila ya yi, kasuwa-kasuwa. Dole ta sa yake zuwa Dogon Daji, don can ciniki yake. Mutanen Kebbe ma can suke cin kasuwa, kuma ba su da mantuwa. Da ladan ya buɗe murya a ƙahonnin nan, ƙasa ta ɗauka, sai wani ya leƙo rumfarsa ya ce, “Malam Sambo, tashi mu tai salla. Ko ba ka ji ba? Ai ba laifinka ba ne, lalatacce ne.” Shi kuwa sai ya ɗauki buta ya bi su.